Gudunmawata a Bikin Ɗan Rago

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina koyarwa a Gwarzo, har da sunayen ɗaliban da suka fi ba ni ciwon kai, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tafi bikin Ɗan Rago ba. Ko yanzu da furfura ta cika mini haɓa, idan abin ya faɗo mini a rai ina cikin alwala, sai in rasa ko na wanke fuska ko ban wanke ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ne. Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, ina da mata da ɗa guda. Zamani ne na tsuke bakin aljihu, kuma nawa aljihun an tsuke shi har ya daina numfashi. Nama a gidana sai dai a ba da labarinsa. Wannan ne ya mayar da ni mutum mai zumunci ƙwarai. Babu ɗaurin aure, ko suna, ko walimar saukar karatu da za a yi daga Kutama zuwa Madadi a ce ba a gan ni ba. Mahaifina malami ne mai makaranta a ƙofar gida, don haka mutane suka riƙa cewa ɗan Malam ya gaji son jama'a. (Ni kaɗai na san rabin zumuncin nan shinkafa ce.)

A cikin abokan aikina akwai Malam Bulus, mai koyar da aikin gona. Bahaushe ne Kirista, daga wani ƙauye da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, kuma Hausarsa ta fi tawa tsafta, don shi ne yake gyara mini magana idan na kwaɓa ta da Turanci. Teburinmu ɗaya a ofishin malamai. Ya je ɗaurin aurena, ya je sunan ɗana, da mahaifiyata ta kwanta asibiti shi ya fara zuwa dubiya. Da maganar Shari'a ta yi zafi, babu wanda ya yi wa Malam Bulus komai, ni ma ban yi masa komai ba. Amma jita-jita ta yi yawa a gari, kowa yana jin abin da ya faru a wasu wurare, sai hira ta riƙa mutuwa idan ya shigo ofis. Shi ma ya rage zama, yana gama darasi sai ya hau kekensa.

Rannan na gayyace shi sunan ɗan ƙanena. Ya ce in sha Allahu zai zo. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo, yana murmushin da bai kai ido ba, ya ce, “Mu dai kullum muna zuwa naku. Ku ne ba kwa zuwa namu.”

Maganar nan ta soke ni, don gaskiya ce. Duk yawon bikin da nake yi, ban taɓa taka ƙauyensu ba. Na kwana ina juya ta, na ga in na yi wasa abotar nan za ta mutu a hannuna ba tare da an yi faɗa ba. Na ɗaukar wa kaina alkawari cewa duk sabgar da ta fara tasowa a wajensu, ko ba a gayyace ni ba, sai an gan ni.

Ba a daɗe ba kuwa na ji abin da nake jira. Ina fitowa daga makaranta na tarar da shi a bakin ƙofa yana magana da wata mata 'yar ƙauyensu da ke sayar wa ɗalibai ƙosai. Ta tambaye shi wannan Asabar ɗin me za a yi, na ji da kunnena ya ce, “Bikin auren Ɗan Rago. Ki gaya wa mata su fito da hantsi, har daga Kano za a zo.”

Ban ga abin tambaya a nan ba. Muna da Ɗanjuma, muna da Ɗanladi, na san wani direba da ake ce wa Ɗanzaki, to me zai hana a samu Ɗanrago? Har na ƙara da nawa lissafin: wataƙila uban angon dillalin raguna ne, shi ya sa sunan ya bi yaron. Idan kuwa haka ne, to maganar nama ta ƙare. Na yi shiru ban ce wa Malam Bulus komai ba, don ina so ya gan ni kwatsam ya san abokinsa ɗan halak ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko na shiga kasuwa na sayi agogon bango, irin mai zanen furanni a gefe, wanda ake yayin kai wa amare a lokacin. Na ba da farar babbar rigata aka yi mata sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Da safe matata Binta ta kawo mini koko, na ce ta ba yaro, ni ba na jin yunwa. Ta dube ni, ta gane inda na dosa, ta shiga ɗaki ta fito da kwanon samira mai murfi ta ɗaure mini a bayan babur. Ta ce tunda uban ango mai raguna ne, kada in dawo mata da labari kawai.

Damina ce, gero ya yi tsawo har ya rufe hanyar ƙauyen, sai da na yi tambaya sau da yawa. Da na isa, abin da na fara lura da shi shi ne babu hayaƙi. Duk wanda ya san biki ya san daga nesa ake hango hayaƙin tukwane, ni kuma a wannan fannin na ƙware. Babu kiɗa, babu guɗa. Sai wata 'yar coci ta ƙasa mai rufin kwano, a gefenta kuma ƙarƙashin wata babbar darbejiya an jera bencuna, mutane sun fara zama, an jingine baƙin allo a jikin itacen. Na ce wa raina wataƙila a wani gidan ake girkin, kuma kowa da irin al'adarsa. Na ma ji daɗi da na ga a waje ake taron, ba sai na shiga coci ba.

Wani dattijo mai farin gemu ya taso ya tarbe ni. Daga baya na san sunansa Baba Dogara, kawun Malam Bulus. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi gajiyar hanya, na ce masa ni abokin aikin Malam Bulus ne. Sai na rage murya na tambaye shi ko ango ya iso.

Ya dube ni da wani irin farin ciki, ya ce, “Yana nan tafe, ɗana.”

Na ce da wane lokaci ake sa ransa. Ya ce ai shi angon ba ya faɗar rana, sai dai kawai a gan shi. Na ce a raina, lallai wannan angon ɗan gata ne, amma da wahalar man da ake ciki ba na ganin laifin kowa. Na sake tambaya ko daga Kano zai taso.

Ya ɗaga yatsa, ya ce, “Daga sama zai sauko.”

Na ce ashe ma jirgi zai hawo. Na gyara zaman hulata, na fara jin kunyar ƙanƙantar agogona. Don in cika ladabi sai na tambayi amarya, ko tana cikin gida.

Dattijon nan, da geminsa da sandarsa, ya dafa ƙirjinsa ya ce, “Ai mu ne amaryar.”

Abin ya ɗan ɗaure mini kai, ba zan ɓoye ba. Amma nan da nan na ba kaina amsa cewa dangin amarya yake nufi, tsufa ne ya sa ya haɗiye rabin maganar. Da ina da hankali, a nan ya kamata in tsaya. To yunwa ba ta barin mutum ya yi tunani mai tsawo.

Muna cikin haka Malam Bulus ya fito daga cocin da alli a hannu. Da ya gan ni sai ya tsaya cik. Ya dubi rigar, ya dubi ƙunshin da ke hammatata, ya dubi fuskata. Ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, ya buɗe baki zai yi magana, sai aka kira shi daga gaba don za a fara. Idanunsa sun yi ja. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce yau na wanke kaina. Kafin in ankara an ɗauko kujera mai hannu, ita kaɗai ce a wurin, an ajiye mini a gaba kusa da faston da ya zo daga Kano.

Suka yi waƙa, suka yi addu'a, ni ina zaune na sunkuyar da kai cikin mutunci. Sai fasto ya miƙe. Wani siriri ne mai tabarau, muryarsa a kwance. Ya ce yau za su fara karatun littafin ƙarshe na cikin Baibul, wanda suke kira Wahayi, kuma ya san da yawansu tsoronsa suke ji, har wasu ba sa buɗe wajen. Ya ce wani bawan Allah ne cikin mabiyan Almasihu ya rubuta shi, lokacin da masu mulkin zamaninsa suka kore shi zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku. Irin wannan rubutun, in ji shi, ga mutanen da ke cikin ƙunci ake aiko shi, kuma da hotuna yake magana, kamar yadda mafarki yake yi.

Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Mu ma a walima ai haka ake yi: kafin a fito da abinci sai a samu malami ya tashi ya yi wa jama'a wa'azin mutuwa da kwanciyar kabari, ya kawo Dujal, ya kawo Yajuju da Majuju, har sai shinkafa ta huce. Na ce ashe su ma suna da irin malaman nan, ana cinye lokaci ne kafin jirgin ango ya sauka.

Amma fa wa'azin ya yi nisa. Aka buɗe hatimai, aka busa ƙahoni, taurari suka zubo, teku ta zama jini. Aka kawo wasu fari masu fuskar mutane. Aka kawo wata dabba mai kawuna bakwai da ta fito daga cikin ruwa. Malam Bulus yana rubutawa a allo, mata suna jinjina kai. Ni dai bakina a buɗe, ina cewa a zuci, wane irin aure ne wannan da ake yi wa sharar fage da dabba mai kai bakwai? Ko a wajenmu, malamin da ya fi kowa zafi yakan ɗan sassauta ranar biki. Ido ɗaya yana kan fasto, ɗaya yana kan hanya, hancina kuma yana ta neman hayaƙi.

Fasto ya ce bakwai a littafin nan cika take nufi, dabbar kuma mulkin zalunci ce a kowane zamani, don haka kada wanda ya zauna yana ƙirga wa duniya ranar tashi. Sannan ya cire tabarau ya ce, “Duk wanda ya ɗauki maganar littafin nan a yadda ya ji ta da kunne, zai sha kunya.”

A duk taron nan babu wanda ya kai ni gyaɗa kai.

Can ya ce za a ɗan huta kafin a shiga kan maganar yau. Amma kafin nan, in ji shi, suna da babban baƙo, ɗan gidan malamai daga Gwarzo, wanda ya tako har nan a irin wannan lokacin da kowa yake ɗari-ɗari da kowa, kuma ba zai yiwu a tashi bai ce komai ba. Na hango Malam Bulus yana girgiza mini alli daga bakin allo. Na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake yi.

Na miƙe, na tattare hannun riga na aza a kafaɗa. Jawabin biki kuwa ni gwaninsa ne. Na yi sallama, na gode wa iyaye da dangi na ɓangarorin biyu. Na ce aure ibada ne, haƙuri ne jarinsa. Na ja hankalin amarya da ta yi biyayya, ta riƙe sirrin mijinta. (Baba Dogara yana kallona, ya dafa sandarsa da hannu biyu.) Sannan na juya kan ango. Na ce ko da yake bai iso ba, a isar masa da saƙona: ya ji tsoron Allah, ya ciyar, ya tufatar, kada ya ga yana da hali ya riƙa wulaƙanta 'yar mutane. Da na ga wurin ya yi tsit, sai na ɗauka maganata ce take ratsa su, na ƙara murya. Na kwance ƙunshina, na ɗaga agogon sama kowa ya gani, na ce:

“Ga 'yar gudunmawata, a rataya a ɗakin amarya. Ku gaya wa Ɗanrago, in ji ni, wannan makarar da ya yi yau ta zama ta ƙarshe. Bai kamata a tara dattawa tun hantsi ana jiran mutum ɗaya ba. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki.”

Ba wanda ya ce amin. Wata mata ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Malam Bulus ya juya ya fuskanci allo kamar mai neman wani abu a jikinsa. Ina tsaye da agogo a sama, ina jin ƙarar tafiyarsa a kunnena.

Fasto ya mayar da tabaransa a hankali. Ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma shirun da ke wurin ya sa kowa ya ji. Ya ce, “Malam, mun gode ƙwarai. Sai dai Ɗan Rago suna ne da muke kiran Almasihu da shi, wanda kuke ce wa Annabi Isa. Amaryar kuma jama'ar masu bi ce. Bikin sai ƙarshen duniya.”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba. Gumi ya keto mini ta cikin sitaci. Abin ya zo mini ta fuska biyu a lokaci guda. Na farko, na zo garin mutane na mayar da karatun addininsu abin dariya a gaban yaransu. Na biyu, ni, ɗan Malam, wanda aka yi wa saukar karatu da rago, na tsaya a bainar jama'a na yi wa Annabi Isa, alaihis salam, faɗan makara, na ce ya ji tsoron Allah, har na saya masa agogo. Mu ma fa muna jiran saukowarsa, a gidanmu na karanta haka tun ina yaro. Dattijo ya ce mini daga sama zai sauko, ni kuma na ce jirgi.

Na sauke agogon a hankali. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Malam Bulus. Na zo in gyara, ga shi na ɓata gaba ɗaya, don yanzu mutanensa za su ce ya kawo abokinsa ya yi musu ba'a.

Sai na ji wata 'yar dariya daga bencin gaba, irin ta wanda haƙoransa suka ƙare. Baba Dogara ne. Ya share ido da bayan hannu, ya ce, “Ku ƙyale yaron nan, gaskiya ya faɗa. Mu ma mun ƙosa. Ni tun ina saurayi nake jira.”

Wurin ya fashe. Mata suna dariya suna riƙe ciki, fasto ya cire tabarau yana goge hawaye, Malam Bulus ya dafa darbejiya kafaɗunsa suna rawa. Na lallaɓa na zauna a kujerata mai hannu, kuma da yake babu hanyar gudu sai ta tsakiyar jama'a, a nan na ƙarasa zaman da agogo a cinya. A ragowar karatun ne na ji dalilin sunan taron. Fasto ya ce da gangan ya zaɓi ƙarshen littafin ya zama maganar ranar farko, don ya ga mutane a tsorace suke a bana, yana so su sani cewa bayan duk dabbobin nan da ƙahonin nan, da biki labarin ya ƙare. Ban yarda da duk abin da ya faɗa ba, shi ma bai nemi in yarda ba, amma na ga yadda fuskokin tsofaffin matan nan suka saki.

Da aka tashi aka raba kunun tsamiya da dafaffiyar gyaɗa, shi ke nan abincin. Na sha kunun nan kofi biyu ba tare da na ɗaga ido ba. Ina zuwa wajen babur na tarar da matar Malam Bulus tana ɗaure kwanon Binta, ta cika shi da dambu. Ta ce a gai da uwargida, a ce mata raguna ba su iso ba tukuna. Ashe har wannan ma an gano.

Malam Bulus ya rako ni, ina tura babur, muna tafe tsakanin gero. Na fara jero ban-haƙuri, ya ce in bari. Ya ce tun da ya ga sitacin rigata ya san abin da ya kawo ni, ya yi ta yi mini alama in yi gajeren jawabi, na ƙi gani. Muka ci gaba da tafiya har muka kusa titi. Sannan ya ce akwai maganar da ya daɗe yana riƙewa: bayan girbi zai aurar da babbar 'yarsa, kuma da ya yanke shawarar ba zai gaya wa kowa a makaranta ba, don gara a ce bai gayyata ba da a ce ya gayyata an ƙi zuwa.

Ya ce, “Yanzu kam zan gaya maka. Wannan angon ɗan Kabo ne, a kan keke zai zo, kuma an sa rana.”

Na je bikin, na kuma ja malamai huɗu muka tafi tare. Da aka zo jawabi, jama'ar garin da bakinsu suka ce ba wanda zai yi sai ni, wai sun riga sun ji samfuri. Na yi shi a taƙaice, ban yi wa kowa faɗa ba.

Tun daga lokacin, duk bikin da na ji labarinsa a bakin ƙofa, kafin in kai riga wajen mai guga sai na tambayi garin su ango, da abin da zai hawo.